Kafaɗar Mai Makullin Ruwa

Gidan Dattijo, ta Bunkure
17 ga Fabrairu, 2003

Zuwa ga 'yata Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma kun yi Babbar Sallah lafiya. Mu nan ƙalau muke. Iyalina Saude tana gaishe ki. Tumatir ya yi kyau bana, har ya yi yawa.

Ko da kin manta ni, ni ne Dalhatu mai makullin ruwa, abokin wasan marigayiya mahaifiyarki. Kakarki da mahaifina ciki ɗaya suka fito. Rabona da ke tun bikinki, kuma ba zan ɓoye miki ba, larura ce ta tuna mini da zumunci. Iliyasu direba, mai kai tumatirinmu Legas, shi ya ce kina aiki a ɗakin tiyata na wani asibitin ƙashi a can, shi ne kuma zai kawo miki wannan takarda.

Kafaɗata ta dama ce ta dame ni, yau shekara guda da rabi. Ciwon a gaba yake, yana sauka cikin damtse. An yi mini ƙaho. Na je wurin maɗori, ya lalluba ya ce shi bai ga karaya ba, don haka babu ruwansa. A asibitin birni an yi mini allura a wurin har sau biyu, ta farko ta riƙe ni wata uku, ta biyu ko sati uku ba ta kai ba. Ranar Sallah sai maƙwabci na kira ya feɗe mini ragona, ina tsaye ina kallo kamar baƙo. Yanzu likita ya ce jijiyar ƙwanji ce ta lalace, saura aiki, kuma aikin iri biyu ne, in zaɓa. Ya zana mini a takarda. Na yi ta gyaɗa kai don kada ya ce baƙauye ne, amma ban gane komai ba.

Ga abin da ya sa nake tambaya. Shekara ashirin da huɗu makullin ƙofar ruwan noman rani na sashenmu yana hannuna. Wani ƙarfe ne da ake ɗorawa a kan sandar ƙofar a yi ta murɗawa, murɗa talatin da shida kafin ta buɗe duka. Shidan ƙarshe su ne masu wuya, su ne kuma ke kai ruwa gonakin wutsiyar kanal, wato ƙarshen hanyar ruwan, wajen su wani manomi Baballe. Ƙofar tana da kuka, daga tsakar gidana ana jin kowace murɗa. Al'adarmu a nan ita ce, duk shekara idan an rufe ruwa don yasar kanal, ranar da za a sake shi, wanda ya buɗe ƙofa da hannunsa a gaban jama'a shi ne mai makulli. Ba a aron hannu ranar. In ka kasa, wanda ya ƙarasa shi zai tafi da ƙarfen gidansa, kuma ban taɓa ganin ya dawo ba. Haka ni ma na same shi.

To ki bayyana mini aikin nan biyu da Hausa, ki gaya mini wanda zai bar mini makullina.

Kawunki,
Dalhatu

*

Legas
2 ga Maris, 2003

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na sami wasiƙarka da kwandon tumatir, na gode. Ban manta ka ba. Kai ne ka ce wa angona ya riƙe ni da kyau don danginmu ba sa karɓar kayan da aka dawo da su. Muna lafiya, sai ƙaramar da ke fama da haƙori. A gaishe da Inna Saude.

Ni ba likita ba ce, Kawu, mai miƙa wa likita kayan aiki ce, amma na tsaya a kan irin wannan aikin sau da dama. Tsokar ƙwanji tana da jijiya biyu a sama. Ɗaya gajeriya ce, ba ta cika ba da matsala ba. Ɗayar doguwa ce, tana bi ta wani ɗan kwari a ƙashin gaban kafaɗa ta shige cikin gaɓa. Ita ce ke gogar ƙashi shekara da shekaru har ta fara zarewa, kamar igiyar guga a bakin rijiya. Idan hutu da allura da motsa hannu sun gaza, sai a zo maganar wuƙa.

Aiki na farko shi ne a yanke doguwar a sake ta, shi ke nan. Ba ya daɗewa. Ciwon yakan tafi, hannu kuma yana aiki, tunda gajeriyar tana nan riƙe da tsokar. Kwana kaɗan za a rataye maka hannu, kuma babu wani abin da aka ɗinke a ƙashi balle a ji tsoron ya kwance. Aibinsa, a wasu mutanen tsokar takan zame ta taru a ƙasa kusa da gwiwar hannu, ta yi ƙullutu. Wasu kuma in sun yi aiki mai ƙarfi sai ta riƙa ɗaure musu, ƙarfin murɗa abu ma yakan ɗan ragu. Dattawa da yawa shi ake yi wa, ba sa kuma dawowa da kuka.

Na biyu, a yanke ta, amma ba a sake ta. Ana huda ƙashin damtse daga sama a dasa bakinta a nan. Wasu likitocin ƙusa suke sawa, wasu kuma su ƙulle bakin jijiyar su cusa ƙullin cikin ramin ya maƙale. Ƙwanji yana zama a inda yake, ɗaurewar tsoka ba ta cika faruwa ba, shi ya sa aka fi yi wa masu aikin ƙarfi. Sai dai yana son haƙuri. Hannu zai yi sati shida a rataye, sannan a koma aiki sannu a hankali.

Ba zan zaɓar maka ba, don ban ga kafaɗar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka koma wa likitan da tambayoyinka, kuma ka daina gyaɗa masa kai. Ka gaya mini watan da kuke rufe ruwa da ranar da ake sakinsa, don ban san lissafinku na can ba.

'Yarka,
Ummul-Khairi

*

Gidan Dattijo
24 ga Afrilu, 2003

'Yata Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum. Ina fatan haƙorin ƙaramar ya fito lafiya. Mu ma lafiya, sai zafi. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, ruwa ya yi ƙaranci watan jiya, kullum ina bakin ƙofa ina raba faɗa.

Wasiƙarki na karanta ta sau uku, na karanta wa Saude sau ɗaya. Abin da likita ya kasa da zane ke kin yi shi da igiyar guga. Na zaɓi na biyu, na dashe. Na farkon bai kwanta mini ba. Ƙullutun ban damu da shi sosai ba, ko da yake Saude ta ce ita ba ta auri mai ƙwai a hannu ba. Ɗaurewar tsokar da kika faɗa ita ce ta tsaya mini a rai. A ce ina tsakiyar murɗa a gaban jama'a hannu ya ƙulle, ai an gama.

Sannan ki dubi ikon Allah. Kin ce sati shida. Mu kuma bana za a rufe ruwa ranar biyar ga Mayu, a sake shi ranar sha tara ga Yuni don masu zuba irin shinkafa, sati shida da 'yan kwanaki. Kamar da ni aka auna. Na je na roƙi likita ya sa ni ranar shida ga wata, ya duba littafinsa ya yarda. Ya ce bayan an kwance hannun kada in ɗauki kaya mai nauyi sai ya ba ni izini. Na ce masa ni ba ɗan dako ba ne, ba na ɗaukar komai. Ban dame shi da labarin ƙofa ba, mutane sun yi layi a waje, kuma murɗa ƙarfe ai ba ɗaukar kaya ba ne, ƙofar a kan sandarta take hawa.

Akwai wani Garzali, mai gona a bakin kanal, shekararsa ba ta wuce talatin da biyar ba. Tun da ya ji maganar asibiti kullum sai ya zo gaishe ni ya tambayi jiki. Yaron kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa, amma na lura ba fuskata yake kallo ba in muna gaisawa.

Wannan ita ce tafiyar Iliyasu ta ƙarshe bana, tumatir ya ƙare. Ki yi mini addu'a.

Kawunki,
Dalhatu

*

Legas
1 ga Mayu, 2003

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Zan taƙaita gaisuwa don maganar ta gaggawa ce.

Ba ka fahimce ni ba, kuma laifina ne, ni ce na rubuta "sannu a hankali" ban faɗi adadinsa ba. Sati shida na ratayar hannu ne kawai. Ranar da aka kwance shi jijiyar ba ta gama kama ƙashi ba, ta dai fara. Sai an kai wata uku kafin a yarda ka yi wani abu da ƙarfi, aikin ƙofa irin naka kuwa wata huɗu ko fiye.

Abu na biyu ya fi na farko muhimmanci. Ka ce murɗa ba ɗauka ba ce. A wurin wannan tsokar, murɗa ita ce babban aikinta. Ka lanƙwasa hannunka na hagu, ka dafa ƙwanjin da ɗayan, ka juya tafin sama kamar mai karɓar abu, za ka ji ya tashi. Duk murɗar da za ka yi wa ƙarfen nan, dashen kake ja. Gara ma ka ɗauki buhu da ka murɗa ƙofa ranar sha tara ga Yuni.

Don haka lissafinka ya juye. Idan ranar ce ba ta ɗaguwa, aikin farko, na yankewa a saki, shi ya fi kusa da ba ka abin da kake so, domin a sati shida yawanci sun warke, kuma babu dashen da zai tsinke. Ko shi ma sai likita ya yarda. Idan kuwa dashen kake so, to ka jure ciwon ka buɗe ruwan bana tukuna, a yi maka aikin bayan nan, wani ya riƙa murɗa maka a ranakun da ba na jama'a ba. Ka gaya wa likitan maganar ƙofa, duka, ko da layi ya kai titi.

Na zo kasuwa na tarar Iliyasu ya juya tun jiya. Zan bar wannan a hannun Alhaji Hamma dillali, ya ce ba a rasa motar da za ta yi arewa cikin satin nan. Na kuma kira mai wayar kuɗi na bakin titin Kura na bar maka saƙo. Ka amsa mini da zarar ka gani.

'Yarka,
Ummul-Khairi

*

Legas
10 ga Agusta, 2003

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, damina kuma tana kyau. Mu lafiya ƙalau.

Wata uku ke nan ban ji daga gare ka ba. Na koma wurin Alhaji Hamma sau biyu, aka ce ya tafi gida noma, rumfarsa a rufe. Ban sani ba ko wasiƙata ta same ka kafin shida ga Mayu, ko bayan nan, ko ba ta same ka ba sam. Idan ka ji haushin yadda na yi maka magana ne, ka yafe mini, a wurin aiki haka muke yi. Wannan ta gidan waya zan aiko ta, da adireshin makarantar firamarenku. Layi biyu sun ishe ni: wane aiki aka yi, kuma wa ya buɗe ruwa.

'Yarka,
Ummul-Khairi

*

Gidan Dattijo
21 ga Disamba, 2003

'Yata Ummul-Khairi,

Wa'alaikumus salam. Ina fatan kun sha ruwa lafiya, kun yi Sallah lafiya. Mu nan lafiya lau. Saude tana gaishe ki. Tumatirin farko ya nuna, Iliyasu zai kawo miki kwando.

Wasiƙunki biyu sati ɗaya suka iso. Ta gidan waya hedimasta ya tsinto ta a ƙasan akwatinsa. Ta ɗaya ga Mayu kuwa, Alhaji Hamma ya buɗe rumfa ya same ta inda ya ajiye ta a ƙarƙashin tabarma, ya ba Iliyasu, ta zo tare da kwandunan da aka dawo da su. Saƙon waya shi ya iso a kan kari, tun kafin a yi aiki. Ta bakin mutum uku ya biyo, abin da ya same ni shi ne, 'yarka ta Legas tana gaishe ka, ta ce ka bi a hankali. Na ce ina amsawa. Ban ji haushinki ba. Shiru na yi don babu mota, kuma a gaskiya ba ni da labarin da nake ɗokin bayarwa.

An yi dashe ranar shida ga Mayu, aiki ya yi kyau. Na rataye hannu sati shida cif, ko buta ban ɗauka da shi ba. Ranar sha bakwai ga Yuni likita ya kwance, ya yaba, ya sake cewa kada in ɗauki nauyi, in dawo bayan wata guda. Na gyaɗa masa kai.

Ranar sha tara da hantsi jama'a suka taru a bakin ƙofa kamar kullum. Baballe ya matso ya ce mini a hankali in bari ya kama mini ɗaya gefen, babu wanda zai yi magana. Na ce masa ba a aron hannu yau, shi ma ya sani. Na yi bismilla na fara. Murɗa goma na farko lafiya, har na ji daɗin hannun. A ta sha ɗaya na ji wani abu ya ce ɗas a cikin damtse. Bai yi zafin da za ki zata ba. Na duba sai na ga ƙwanjin ya sauko ya taru a ƙasa, yadda kika kwatanta tun a wasiƙarki ta farko. Na sake kama ƙarfen, hannu ya ƙi. Ruwa ya fara tsiyaya ta ƙarƙashin ƙofa, mutane suna tsaye, kowa ya sunkuyar da kai. Ban so a daɗe a haka ba. Na ce, "Garzali, zo ka ƙarasa." Ya ce, "Baba, ka huta tukuna." Na ce, "Ruwa ba ya jira." Ya ƙarasa, ya tafi da ƙarfen gidansa.

Da na koma asibiti likita ya tambayi abin da na ɗauka. Na ce ban ɗauki komai ba, na ba shi labarin ƙofa, duka, yadda kika ce, sai dai a makare. Ya lalluba damtsen. Sannan ya ce dashen ya fita, yanzu hannuna ya zama kamar na wanda aka yi wa aikin farko. Ana iya sake dasawa amma shi bai ga dalili ba, tunda ciwon ya tafi. Kuma ya tafi ɗin. Ina barci a kan kafaɗar, ina noma, ragon bana in Allah ya kai mu da kaina zan feɗe. Tsokar takan ɗaure in na daɗe ina aiki, in na huta ta sake. Kin ga ke nan aikin biyu duka na samu, likita ya yi ɗaya, ƙofa ta yi ɗayan. Saude ta haƙura da mai ƙwai a hannu.

Wasiƙarki ta ɗaya ga Mayu na karanta ta a zaune a zaure. Na lanƙwasa hannun hagu na juya tafin sama kamar yadda kika ce, na ji ƙwanjin ya tashi. Babu kuskure ko ɗaya a cikinta. Kada ki ce laifinki ne. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to ni kunnen ya ji rabi daga gare ki, rabi daga likita, na haɗa su yadda ya dace da ranar da nake so. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ce bai yi ba. Ƙusar da nake rataye ƙarfen a kanta Saude ta sa mata faifai, don ta gaji da ganina ina kallon wurin.

Garzali yana ƙoƙari, ba ya makara, ba ya faɗa da kowa. Da safe in yana buɗewa ina jin kukan ƙofar daga tsakar gida, kuma bakina ya saba, sai in tarar ina ƙirgawa. Kullum a talatin yake tsayawa, ba ya yin shidan ƙarshe. Tumatirin Baballe ya fara yaushi daga can ƙarshen kunya. Ba a tambaye ni ba tukuna.

A gaishe da maigida da yara.

Kawunki,
Dalhatu